Abin Da Na Gani A Bakin Kwara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani a Yelwan Yauri.

Aikin ofis ya kai ni can da kaka. Ran da na sami sukuni na gangara bakin kogi da sassafe, na tarad da wani dattijo Basarke da yara biyar, babbansu bai wuce shekara goma ba. Da ma an gaya mini Sarkawa 'yan ruwa ne, amma gani ya kori ji.

Ya ce mini ba ya ba yaro filafili sai ya iya iyo. Tun suna ƙanana akan sa su wasa a gefe inda ƙafa ke taɓa ƙasa, yaro ya rungumi gora ya yi ta bugun ruwa, har ran da za a karɓe goran. Sa'an nan a koya masa shiga kwalekwale: ya taka tsakiya, ya zauna ƙasa, kada ya miƙe tsaye. Aikinsa na fari shi ne kwashe ruwa da ƙoƙo. Bayan wannan sai tuƙi da gwangwala a wuri marar zurfi, daga ƙarshe filafili.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a gabana dattijon nan ya kifar da jirgin da gangan. Gabana ya faɗi, amma ko ɗayansu bai yi kuka ba, kowa ya kama gefen jirgi ya riƙe. Ashe ka'idarsu ke nan: in jirgin katako ya kife, kada ka rabu da shi, domin yakan taso, kai kuwa gajiya za ka yi. Yana kuma koya musu duban hadari, da sanin wuraren dorina, da inda kututturan itatuwa suke a ɓoye tun da aka tare kogin a Kainji cikin 1968.

To, ga dalilin wannan takarda tawa. Cikin watan Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, da mutane fiye da ɗari a ciki. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan wani ya kife a madatsar Watari, a Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. A duka biyu an ambaci yawan lodi. An gina madatsun ruwa a garuruwan da kakanninsu ba su san jirgi ba, yara suna hayewa kullum, amma ba wanda ya koya musu abin da ɗan Sarkawa ya sani tun yana shekara bakwai.

Saboda haka ina roƙon sarakunanmu da malaman makaranta, duk garin da ke bakin ruwa a nemi Sarkin Ruwa ya riƙa koya wa yara iyo da zaman jirgi, a tanadi rigunan hana nutsewa daidai jikinsu, a hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.