Ɗorin Labari a Zauren Salula

Ina da tambaya gare ku. Kun taɓa jin labari ya ƙare alhali ranku bai so ya ƙare ba? Ko kuwa ya ƙare ta inda ba ku so, har kuka ce a zuci, da ni ke da labarin nan da ba haka zan yi ba? Idan kun taɓa jin haka, to, wannan magana taku ce.

Ni mace ce mai ɗinki a unguwar Sabon Gari, cikin garin Maraɗi. Ban shiga lakwal ba ina yarinya. Sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na koyi karatu da rubutu a ajin manya. Yau ga shi ina rubuta labari, mutane suna karantawa a salula. Irin labarin da nake rubutawa, ni ɗori nake ce masa. Wato ka ɗauko mutanen da ke cikin labarin wani, waɗanda jama'a suka riga suka sani, ka ɗora musu sabon labari daga kanka.

Kada ku ɗauka baƙon abu ne. Ku tuna da Gizo da matarsa Ƙoƙi. Wa ya ƙirƙiro su? Kowace tsohuwa a haka ta same su. Amma Gizon kakarku dabam, Gizon kakata dabam. Wata ta kai shi fadar sarki, wata ta kai shi gidan Kura, wata ta sa shi satar gyaɗa. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, shi ne halinsa. Dole ya zama mai wayo, mai haɗama, mai tsamin baki. Wadda ta mai da Gizo salihi, yara da kansu za su ce mata, a'a, wannan ba Gizo ba ne. To, ɗori ke nan. Ka riƙe halin mutum yadda aka san shi, ka canza masa hanya.

Manyan marubuta ma sun bi kusa da wannan hanya. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, littafi uku, suka fito tsakanin 1937 da 1939. Da yawa daga labaran da ke ciki ya samo su ne daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa. Ya sa musu rigar Hausa, ya ba su sunayenmu, ya sa aku yana ba da su. Har yau ana karanta shi.

A Ingila kuma an yi wani marubuci, Arthur Conan Doyle, mai labarin wani gwanin bincike da ake kira Sherlock Holmes. A 1893 ya gaji da shi, sai ya kashe shi cikin labari. Masu karatu suka ƙi yarda, suka yi ta aika masa takardun ƙorafi. A 1903 ya dawo da shi da rai. Shi marubucin ya rasu a 1930, amma har gobe mutane suna ɗora wa Holmes sababbin labarai. Kun ga ashe idan labari ya shiga ran jama'a, su ma suna jin suna da rabo a ciki.

A nan ƙasar Hausa, daga shekarun 1980 ƙananan littattafan labari suka yawaita a Kano. Akwai na Balaraba Ramat Yakubu, akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. 'Yan kasuwa suna biyo hanyar Katsina da su har Maraɗi. Wadda ba ta da kuɗin saye ta yi haya, ko ta ara wurin maƙwabciya. Da salula mai intanet ta zo, sai rubutun ya koma cikinta. Wasu suna zuba nasu a Wattpad, wani dandalin labarai da aka kafa a Kanada a 2006. Wasu a Facebook. Mu kuwa namu a WhatsApp yake, a cikin abin da muke kira zaure.

Bari in faɗa muku yadda zaurenmu yake. Ba shi da bango, ba shi da tabarma. Mutane ne da suka haɗa lambobinsu wuri ɗaya, abin da ɗaya ya aika kowa ya gani. Mun fi mutum ɗari, yawancinmu mata. Akwai na Maraɗi, akwai na Tibiri da Jiratawa, akwai na Katsina da Kano, har da waɗanda ke zaune a Kumasi da Makka. Abin da ya haɗa mu shi ne son Daɗin Kowa, wasan da ake nunawa a Arewa24, tashar da aka buɗe a 2014. Da farko hirar wasan kawai muke yi. Daga baya muka fara rubuta abin da muke so a ce ya faru.

Da safe zaure gaisuwa ce. An tashi lafiya? Ya mai jiki? An samu ruwa wajenku? Da rana shiru, kowa yana neman abinci. Ni ina kan keke, amma kaye da bik suna gefena. In magana ta faɗo mini, sai in tsai da ƙafa in rubuta, kada ta gudu. Bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, sai in kwafe shafin ranar cikin salula in aika. Kafin in sha ruwa sharhi ya fara shigowa. Wannan ta ce na sa ta dariya. Waccan ta ce na cika rowa, shafin ya yi kaɗan. Akwai waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Saboda su, wata yarinya mai daɗin murya takan karanta shafin ta aiko da sauti.

Har bambancin Hausa yana ba mu nishaɗi. Wata rana na rubuta cewa mushe ya shigo aji yana faɗa. Mutanen Kano suka ce, yau mun ga abin mamaki, mushe yana tafiya har yana faɗa! Su a wurinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce kawai. Sai da muka bayyana musu cewa malamin lakwal muke nufi, daga Faransanci muka aro. Su suka koyi lakwal da kaye, mu muka koyi nasu. In an yi haihuwa a gidan wata, sai barka ta cika zaure. In an yi rasuwa, a dakatar da labari kwana uku, a yi ta addu'a.

Amma abin da ya sa nake ganin ɗori ya wuce wasa shi ne wannan. Na ɗauko Adama matar Kamaye, ta cikin Daɗin Kowa. A nawa labarin na sa ta gaji da zaman jiran abin da miji zai kawo. Na tsallako da ita iyaka, na kawo ta Jiratawa wurin wata innarta da ni na ƙirƙira. Kun san Jiratawa da noman rani da zogale. Sai na sa Adama tana saro ganye, tana dafawa, tana kai wa Maraɗi. Nan fa zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce ta koma ɗakinta, haƙuri shi ne aure. Wasu suka ce kada ta kuskura. Kwana huɗu ana muhawara.

Cikin haka wata baiwar Allah daga Tibiri ta aiko mini da saƙon murya, ni kaɗai. Ba ta taɓa cewa uffan a zaure ba. Ta ce, "Yaya, ba Adama kike rubutawa ba, ni ce. Abin da ba na iya faɗa wa ko mahaifiyata, shi na ji a bakinta. Don Allah ko za ki mai da ita, kada ki mai da ita hannu sake." Haka kuwa na yi. Adama ta koma gidanta da sana'arta da ɗan jarinta ƙulle a bakin zane.

Ku duba da kyau. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya ado ce. Amma akwai damuwar da in an bar ta a ciki sai ta zama ciwo. Mace ba za ta tsaya gaban mutum ɗari ta ce ga halin da nake ciki ba. Adama kuwa za ta iya, don ba 'yar gidan kowa ba ce, kuma kowa ya san ta. Da bakinta aka tattauna maganar ci da sha, da sana'ar mata, da haƙƙin aure, ba a tona asirin kowa ba. Ita wannan baiwar Allah ta taɓa shiga ajin manya, amma hannunta ya fara mantuwa don ba ta da abin rubutawa. Bayan wata biyu ta aiko da nata ɗorin, layi bakwai. Yanzu takan cika shafi.

Ba zan ɓoye muku ba, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Akwai mai fushi in an gyara mata rubutu. Akwai masu matsa wa marubuciya lamba kamar suna bin ta bashi. Akwai kuma sata. An taɓa kwashe wani labari nawa, aka goge sunana, aka sa wani, ya yi ta yawo har ya dawo mini. Na ji zafi ƙwarai, don dare nawa na yi a kansa. Saboda irin wannan muka kafa dokoki, ga su.

Na ɗaya, a saman kowane shafi a faɗi masu ainihin labarin, sannan a faɗi mai ɗori. Na biyu, ba a sayar da ɗori, don mutanen da ke ciki na aro ne. Wadda ta ƙirƙiro nata mutane daga tushe, ita ke da ikon neman kuɗi. Na uku, ba a sa maƙwabci ko kishiya ko wani mai rai cikin labari don a ci masa fuska. Magana zarar bunu ce, ta salula kuwa ta fi saurin tafiya. Na huɗu, kada a rubuta abin da za a ji kunya in ɗa ya karanta. Na biyar, kuɗin cefane ba na sayen intanet ba ne, kuma kada tuwo ya ƙone saboda sharhi.

Wasu sukan ce mini, zanen aro ba ya rufe katara, me ya hana ki yin naki? Gaskiyarsu. Amma da rarrafe yaro kan tashi. Ko ɗinki da na koya, da kwaikwayon rigar wani na fara, kafin in iya yanka tawa. Sabon mai rubutu abin da ke ba shi tsoro shi ne farar takarda. In ya ari mutumin da ya riga ya sani, ya san yadda yake magana, ya san abin da zai yi, rabin aiki ya ƙare.

Saboda haka ku da kuka koyi baƙi da wasali bana ko bara, kada ku jira sai kun sami babbar salula. Ku nemi kaye da bik. Ku ɗauko Gizo, don shi na kowa ne. Ku kai shi kasuwar Maraɗi ranar Juma'a, ko ku sa shi gadin albasa a Jiratawa, ku ga abin da zai aikata. Ku rubuta layi biyar yau, gobe ku ƙara biyar. Da dare ku karanta wa mutanen gida. In sun yi dariya, ko sun ce sai me ya faru, to, kun sami zaurenku na farko. In kuna son na nesa su gani, yaro mai salula zai ɗauki hoton shafin ya aika.

Karatu kamar lauje yake, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa. Allah ya ba mu ikon amfani da abin da muka koya, amin.