Sarauniyar Lugu a Takarda da a Majigi

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, can wajen Dogon Dutsi a Nijar, inda Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin da Faransanci a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Fim ɗin ya fi kama ido: ƙura, ƙauyuka na ci da wuta, 'yan dako ɗaure da igiya. Amma zuciyata ta fi zama wurin littafin. Can mutum yake samun sararin tsayawa a fadodin maƙwabta, ya ji dattawa na ja-in-ja kan ko a kai wa mace, kuma ba'azna, ɗauki. Majigi ba ya jiran mai kallo ya gama jin nauyin wannan.

Mu nan Birnin Kudu da Gwaram mun fi sanin yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi. Ina fatan marubuci ya riga mai kyamara isa can.