Ina Amaryar Fim Ke Zuba Sharar Ta?

Na fi shekara ashirin ina karanta littattafan soyayya, ina kallon finafinan Hausa tun zamanin kaset, amma ban taɓa cin karo da inda amarya ta fere doya aka nuna mana inda ta zuba ɓawon ba. Marubuciya za ta cinye shafi biyu ta na lissafa kuloli da firji da tukwane 'yan waje. Jaruma ta shiga kicin ta ɗauki wuƙa, kafin ka ƙifta ido an jere abinci a tebur. Ɓawon albasar fa? Oho. Ni ma abin bai taɓa damu na ba, sai da auren autar mu ya taso aka ɗora mani jeren kicin.

Mu 'yan Talata Mafara ne, angon kuma malamin makaranta ne a Bakura. Gidan madaidaici ne, amma ya yi kicin a ciki, da tayil da wurin wanke-wanke, ba irin madafin tsakar gida da mu ka taso mu ka gani ba. Ni kuwa na taɓa ganin wani abu a gidan ƙawa ta a Kaduna: ka ja ƙofar kabet, sai ta biyo ka kamar durowa, ɗauke da bokitin shara biyu. Ka zuba, ka tura, shi ke nan, babu kwando a fili. Na ƙudurta a rai na sai auta ta samu irin sa.

Kafintan da na samu a Mafara ya saurare ni tsaf, ya ce, "Hajiya, ai durowa ce mai tsawo." Mun je Bakura ya yi awo. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke na so, ya nuna mani bututun nan mai lanƙwasa ya cinye wurin, sai mu ka koma ƙofar gefe. Zurfin kabet ɗin inci 22 ne, bakin bokitin fenti mai lita 20 kuwa ya kusa inci 12, ka ga biyu ba za su shiga gaba da baya ba. Sai ya sa babba ɗaya da ƙaramar roba. Ya dage a kan abu biyu: ƙarafan da durowar ke gudu a kai su zama masu fitowa gaba ɗaya, in ba haka ba ba za a iya ciro na baya ba, sannan gindin ya zama filawud, don katakon nan na matsattsen gari da ya sha ruwa ya ke kumbura. Duk ya yi gaskiya. Aiki ya fita fes.

Ranar jere Gwaggo ta iso daga Maradun. Ta bi kabet ɗin ta na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan nawa. Da ya biyo ta sai da ta ja da baya.

"Ke, wanga mi na na?"

"Na shara ne, Gwaggo."

"Shara? Cikin ɗaki, maƙwabtaka da shinkafa da mai? Wanga shi na bokon da kinka yi?"

Na gyara tsayuwa na soma yi mata lacca, wai a ƙasashen da su ka ci gaba raba shara ake yi, a sake sarrafa ta. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "To mu mi munka taso muna yi?"

Maganar ta tsaya mani a rai, domin na yi hutu da yawa a gidan ta. A gidan Gwaggo kusan babu abin da ake kira shara. Ƙanzo a jiƙa shi a ci. Dusa da ƙasari na tumaki ne. Ɓawon rogo da na dankali da ganyen da aka tsince na awaki ne. Toka da kashin dabbobi su tafi juji, kafin damina a kwashe a jaki zuwa gona. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, kwalba ta mai man gyaɗa ce, fasasshen bokiti da tsohon kwano a ajiye wa ɗan gwangwan. Kowane abu da mai jiran sa, kuma babu wanda ke kwana a inda ake girki. Kafin magariba an fitar, don Gwaggo na cikin masu cewa ba a zubar da shara da dare. Camfi ne, na sani, amma ya sa madafin ta bai taɓa wari ba.

Abu ɗaya ne ya gagare ta: leda. A nan ne ta gaya mana abin da ya sa gudunmawar ta ta zo a ƙage. Tunkiyar da ta ke kiwo don bikin ta yi ta ramewa alhali ana ba ta abinci, har aka kira mahauci. Da ya farke tumbin, sai ga dunƙulen baƙar leda. Dabba na jin ƙanshin miya a jikin leda ta haɗiye, ba ta narkewa, ta toshe ciki. Takin jujin ma yanzu da leda ya ke isa gona. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978 yankin mu ke taƙama da noman rani, amma ka duba gefen gari ka ga yadda leda ke rataye a ƙaya kamar an shanya. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya a 2017. Mu kuwa ranar Talata a kasuwar Mafara ko tumatir na ɗari biyu ka saya sai an ƙulle maka a leda biyu.

Na ji tausayin Gwaggo, amma ban ɗauki shawarar ta ba. Na koya wa auta yadda na gani a Kaduna: sauran abinci a babba, tarkace a ƙarama.

A watan Maris aka yi bikin. Wanda ya san zafin Zamfara a wannan lokaci ya san sauran labarin. Sati biyu auta ta bugo waya ta na kuka. Ɓawon kifi da ragowar miya sun yini sun kwana a rufaffen akwati, wari ya kama katako, ƙananan ƙudaje da kyankyasai sun samu gida. Mafi muni, uwar miji ta zo ganin ɗaki da 'yan rakiya, wata ta ja ƙofar a zaton ta ma'ajiyar hatsi ce. Ba su ce komai ba, sun dai kalli juna. Mace ta san abin da wannan kallo ke nufi, kuma in aka laƙaba wa amarya ƙazanta a dangin miji, sai ta yi 'ya'ya uku ba ta wanke sunan ba. Laifi na ne, ita ta kwashi kunyar.

Washegari na hau mota zuwa Bakura. Mun wanke kabet ɗin da ruwan zafi da omo, mun bar shi a buɗe kwana biyu. Sannan mu ka bi tsarin Gwaggo. Duk abin da ke da laima ya koma wata ƙaramar roba mai murfi a saman kanta, ana gama girki a miƙa wa maƙwabciya mai awaki. Cikin kabet sai busassun kaya: babban bokiti na leda da ledar fiya wata, ƙaramar roba ta gwangwani da gorunan lemo, waɗanda wata mai zoɓo ke aiko yaro ya karɓa. Wari ya ɗauke, awakin maƙwabta ma sun huta da tsintar leda a ƙofar gida.

Da Gwaggo ta koma gidan bayan sallah, ta ja ƙofar da kan ta, ta sunkuya ta shinshina, ta gyaɗa kai. Sai ta sa hannu ta ɗago ledojin da su ka cika bokiti, ta dube ni.

"To, 'yar boko, ita wagga ina za a kai ta?"

Na ce ango na ƙona ta a bayan gida duk ranar Asabar. Ta ce, "Hayaƙin fa, wa ka shaƙa tai?" Na rasa ta cewa, na tura durowar ta koma ciki.