Baƙon Dauro Ba Ya Tambayar Asali

Kowace shekara da zarar an kau da amfanin gona, sai motoci su cika da 'yan ci-rani, waɗansu har da iyalinsu, su nufi Sabo ta Ibadan, da Agege, da Shagamu, da Fatakwal. A cikin wannan rani ne kuma ƙyanda, wadda Bahaushe ke kira baƙon dauro, take tashi. In ta ɓarke, sai ɗan gari ya ce baƙi ne suka kawo ta, baƙo kuma ya ce iskar garin ce ba ta karɓi 'ya'yansa ba. Ana wannan gardama, yara suna ta kwanciya.

Ita dai ƙyanda a iska take tafiya. Mai ita ya yi tari a ɗaki, ƙwayar cutar takan daɗe har awa 2 bayan fitarsa, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, 9 za su kamu. Takan jawo ciwon huhu da gudawa mai kisa, wani yaron kuwa ta bar shi da makanta. To, ɗan mai gida da ɗan mai haya da ke wasa a tsakar gida ɗaya, wane ne zai tsira?

Tun 1963 aka sami allurarta. A Nijeriya ana yin ta kyauta a asibitocin gwamnati, ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Amma unguwa ba ta tsira sai an yi wa yara 95 cikin 100 duka biyun, kuma a nan ne ɗan matafiyi ke faɗuwa. An yi masa ta farko a Katsina, lokacin ta biyu ya same shi a Ikko, katin yana can gida, uwar kuma ba ta jin harshen malamar asibiti.

Saboda haka wajibi ne Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin tasha su riƙa tuna wa iyaye su sa kati cikin kayan tafiya. Ma'aikatan lafiya kuma su shiga zango da ruga tare da tafinta, kada su kori yaro don ba shi da kati. Da allura aka ga bayan agana a duniya a 1980. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.