Ƙoƙo A Kan Kek Ɗin Amarya

A hutun da ya wuce aka yi bikin yayata. Da yake ni ne ɗan jami'a a gidanmu, ana gobe liyafa sai aka aike ni karɓo kek ɗin da ango da amarya za su yanka. Ga shi hawa uku, fari fat, a ƙololuwarsa kuma an kafa 'yan tsana biyu na roba: namiji cikin baƙar kwat, mace cikin doguwar farar riga.

Ina sauke shi a tsakar gida kakarmu ta leƙo, ta ce, "Kai maigida, su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Ango da amarya ne, Kaka."

Ta ce, "Ango ba hula, amarya ba lalle? To, muddin gumakan nan na kan abinci, ƙafata ba za ta taka wurin ba."

Yaya ta fashe da kuka, domin irinsu ta gani a bikin ƙawayenta. Kaka kuwa ita ta goye ta, liyafar da babu ita ai ba liyafa ba ce. Aka zuba mini ido, wai mai nazarin Hausa ya raba gardama. Alhali kuwa ni kaina ban san mafarin abin ba, sai da na kwana ina bincike.

Ashe al'adar Turawa ce mai tarihi. A shekarar 1840 da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta auri Yarima Albat, an yi musu kek mai nauyin laba 300 ko kusa da haka. A kansa an ɗora siffarsu su biyu cikin tufafin Rumawan dā, ga kare a ƙafar ango, alamar riƙon amana, ga kurciyoyi biyu a ƙafar amarya, alamar zaman daɗi. Daga baya, musamman a Amurka, kamfanoni suka shiga ƙera irin waɗannan 'yan tsana don kowa ya saya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har da masu kakin soja aka yi, saboda angwaye da yawa sojoji ne. A yau waɗansu furanni suke ɗorawa, waɗansu harufan sunayensu, masu barkwanci kuma siffar amarya tana jan ango da wuyan riga.

Wato dai kowa abin da ke da ma'ana gare shi yake ɗorawa. Bature ya ga kare ya tuna amana. Bahaushe kuwa in ya ga kare a kan abinci ko na sukari ne ya haƙura da ci. Laifinmu ba aron kek ba ne, don aro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Laifin shi ne mu ɗauko hoton waɗansu mu ce mu ne.

Gari na wayewa na nufi Kasuwar Kurmi, na sayo ƙananan ƙoƙuna biyu masu zane. Na roƙi Kaka alkaki da nakiya daga cikin kayan garar da ta yi kwanaki tana haɗawa, na zuba a ciki.

Yaya ta ce, "Ƙoƙo a kan kek? So kake ƙawayena su mai da ni abin dariya?"

Na ce, "Yaya, Hausawa na cewa ƙwarya ta bi ƙwarya. Ke da angonki ke nan."

Ta yi shiru, can ta ce in ɗora ta gani.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, an sami masu dariya a wurin liyafa, an kuma sami masu ɗaukar hoto. Amma Kaka ta zo, ta zauna a sahun gaba, har Yaya ta ba ta alkaki a baki kafin a sa wuƙa a kek.

'Yan tsanan nan suna nan kan teburina a ɗakin kwanan ɗalibai. Duk wanda ya tambaye ni su wane ne, sai in ce baƙi ne da suka zo biki ba a san danginsu ba.