A Leipzig, Inda Aka Fito da Kiɗan Mata Bakin Titi

Daga Frankfurt zuwa Leipzig tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa mai sauri. Ɗiyar yayata, wadda ke karatu a jami'ar garin, ita ta tarye ni a tasha. Tashar kanta abin kallo ce: an kammala ta a 1915, tana kuma cikin mafiya girma a Turai. Ba ta bar ni na tsaya kallo ba.

"Kawu, yau ƙafa za ta sha aiki," in ji ta, tana nuna mini wasu lanƙwasassun ƙarafa da aka dasa cikin daɓen titi. Alamomin wata hanya ce mai suna Notenspur, tsawonta kusan kilomita 5, wadda ke bi da baƙo gidajen mashahuran makaɗan garin. A nan Bach ya yi aiki a majami'ar Thomas daga 1723 har mutuwarsa a 1750. A nan aka haifi Wagner. A nan Felix Mendelssohn ya kafa makarantar kiɗa a 1843. Duk inda ka waiga, mutum-mutumin namiji ne ke kallonka.

Mun fi daɗewa a gida mai lamba 18 a titin Insel. A benensa Clara Schumann ta yi zaman amarci da mijinta Robert daga 1840 zuwa 1844, yau kuma akwai makarantar firamare mai sunanta a cikin ginin, har kana jiyo hayaniyar yara daga ɗakunan tarihin. 'Yar garin ce, haifaffiyar 1819. Tana shekara 9 ta fara kaɗa fiyano a zauren Gewandhaus. A 1835, tana shekara 16, ta gabatar da babban kiɗan da ta tsara da kanta, Mendelssohn na jagorantar makaɗa. Mahaifinta ya ƙi aurenta da Robert, sai da kotu ta shiga tsakani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a wannan gidan, idan miji ya zauna tsara kiɗa, ita sai ta haƙura da nata fiyanon don kada ta dame shi, alhali a lokacin sunanta ya fi nasa zagaya Turai. Ta haifi 'ya'ya takwas. Bayan rasuwar Robert a 1856 ta kusan ajiye alƙalami gaba ɗaya, ta shiga gari gari tana kaɗa nasa da na wasu maza don ciyar da gida.

Da la'asar muka faɗo dandalin da ke gefen majami'ar Nikolai, muka tarar da abin da yarinyar ta kawo ni dominsa. Wasu 'yan mata ɗalibai sun turo fiyano mai taya, ga gogen Turawa, ga babban goge irin wanda ake dafe shi tsakanin gwiwoyi. Sun jingine allo ɗauke da sunayen mata da shekarunsu. Ba tikiti, ba kujera. Iska na neman kwashe takardun kiɗan, sai suka maƙale su da abin maƙale shanya.

Suka fara da gajerun kiɗa uku da Clara ta tsara a 1853 don goge da fiyano, ta sadaukar ga makaɗi Joseph Joachim. Ni ba masani ba ne, amma kunne ba ya buƙatar digiri kafin ya gane magana mai nauyi. Gogen yana tashi a hankali, ya sauko, fiyano na amsa masa kamar mai lallashi. Wani mai kai saƙon abinci ya dafa ƙafa a ƙasa daga kan kekensa, bai tafi ba sai da aka gama. Wata tsohuwa ta ajiye jakunkunan cefane. Yara suka zauna dirshan a daɓe.

A nan na fahimci dalilin fitowa waje. A wurinmu, waƙar Barmani Coge tana bakin mata ko bayan rasuwarta. Ana biki sai ka ji an ɗauko ta. Kiɗan Turawa irin wannan a takarda yake zaune. Idan ba a sami wanda ya buɗe takardar ya kaɗa ba, shiru ne kawai, komai kyansa. Masu zaɓen abin da za a kaɗa a manyan zauruka kuwa sun shekara fiye da ɗari suna juya sunaye kaɗan, kusan duka maza. Wanda bai taɓa jin kiɗan mace ba, ba zai sayi tikitin jinsa ba. Mai zaure kuma ya ce ai ba masu saye. A titi wannan hujja ba ta da wurin tsayawa, don kiɗan ne ke zuwa ya sami mutum yana hanyarsa.

Kafin kiɗa na gaba, mai fiyanon ta miƙe ta yi bayani da Jamusanci, ɗiyata na raɗa mini. Na Fanny Hensel ne, yayar Felix Mendelssohn. Ta tsara kiɗa sama da 450, amma mahaifinta ya nuna mata cewa kiɗa sana'ar ƙanenta ce, ita ado ne kawai a wurinta. Waƙoƙinta shida da sunan Felix aka buga su. A 1842 Sarauniya Victoria ta Ingila ta zaɓi ɗaya ta rera a gabansa, shi kuma ya faɗi gaskiya cewa ta yayarsa ce. Sai a 1846 Fanny ta fara buga aikinta da sunanta, shekara na zagayowa ta rasu. Ina tsaye ina jin zafin abin, domin ba maƙiya ne suka danne ta ba, masu ƙaunarta ne.

Sunan ƙarshe a allon Ethel Smyth ne, Baturiyar Ingila da ta zo Leipzig karatu a 1877 bayan doguwar jayayya da mahaifinta, janar na soja. Wasan waƙarta ne na farko na mace da babban gidan Metropolitan na New York ya nuna, a 1903. Ba a sake nuna na wata mace a can ba sai 2016.

Da aka tashi, ɗiyata ta tambayi mai gogen abin da ya fi ba su wuya. Ta ce ba sanyi ba ne, ba kuma hayaniya ba. Samun takardun ne. Da yawa sai an bi ta wani kamfanin ɗab'i a Kassel, Furore, wanda aka kafa a 1986 don buga kiɗan mata.

Washegari muka hau jirgin Berlin don ganin gidan da Fanny ke tara makaɗa da baƙi ranakun Lahadi, inda ta sami damar jagorantar kiɗa a cikin gidan iyayenta. Gidan babu shi. A filinsa, lamba 3 a titin Leipziger, majalisar wakilan jihohin Jamus ce ke zama.

"Kawu, mu wuce maƙabarta," in ji ɗiyata. "Kabarinta na Kreuzberg, kusa da na ƙanenta. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai mu."