Soson da ke Cikin Taya

Ina zaune a kan bencin mai faci ina jiran layi ya zo kaina, sai ga wani bawan Allah ya lallaɓo da baƙar Marsandi, ƙafar gaba ta dama a kwance. Yaron shagon ya sa jak ya ɗaga, ya kwance tayar ya mirgino ta inuwa, ya raba ta da rim. Da ya leƙa cikinta sai ya yi turus.

"Oga, zo ka ga ha'inci. Katifa suka liƙa a ciki."

Na miƙa wuya. Soso ne ruwan toka, faɗinsa ya ɗara tafin hannu, kaurinsa wajen yatsa biyu, an manne shi a bayan zanen tayar ya zagaye ta tsaf. Mai motar har ya fara rantsuwar sai ya mayar wa wanda ya sayar masa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ogan ya duba, ya yi murmushi.

"Alhaji, kwantar da hankalinka, babu wanda ya cuce ka. Haka suke zuwa daga can. Ba yau na fara buɗe irinta ba."

Gaskiyarsa. Masu ƙera tayar ne da kansu suka sa soson, kuma kuɗi suke ƙarawa a kansa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa: Michelin na cewa Acoustic, Continental na cewa ContiSilent, Pirelli kuma PNCS. Yawanci a rubuce yake a gefen tayar, mu ne ba ma karantawa. Aikinsa guda ɗaya ne. Taya ganga ce: kogo cike da iska, an rufe da fata. Duk sa'ad da ta taka gaɓar kwalta ko tsakuwa, iskar cikin sai ta amsa, tana kaɗawa kimanin sau 200 a sakan guda. Wannan gunjin ya bi rim, ya bi ƙarafan ƙafa, ya shigo wa na cikin mota. Wanda ya taɓa cusa tsumma a cikin ganga ya san abin da zai faru da muryarta. To dabarar ke nan.

Me ya sa sai yanzu abin ya yaɗu? Ai da can rurin inji ne ke danne komai. Da injuna suka yi laushi, aka ƙara toshe ƙofofi da gilasai, sai ƙarar da ke ɓoye ta fito fili. Motocin lantarki suka zo suka ƙarasa zancen, domin su ba su da injin da zai yi ruri. Shi ya sa motocin Tesla da yawa da wannan soson suke fitowa daga masana'anta. Mutumin da ke shafe awa uku a kan shimfiɗaɗɗen titin Jamus, gilashi a rufe, rediyo a ƙasa-ƙasa, shi zai iya jin bambancin. Michelin na cewa nata yana rage ƙarar cikin mota da wajen kashi 20 cikin 100, amma mai talla ba ya kushe hajarsa, kuma ƙara ɗaya tak soson yake kamawa. Ba ruwansa da kukan zane a kan kwalta, ba ruwansa da iskar da ke dukan gilashi, balle ƙwaramniyar ƙafar da ta sha ramuka.

Na waiwaya na dubi inda muke. Injin iska yana ta bugawa a gefe, janareton mai walda yana amsa masa, 'yan adaidaita sahu suna ta hon kamar da gayya, ga wata tirela tana sauke numfashi. Na ce a raina, wanda ya sayi shiru ya kawo shi nan ya yi kiwon kifi a tudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma sauran rubutun jikin tayar ne, wanda ba wanda ya kula da shi. An rubuta 245/40 R19, da harafin Y a ƙarshe. Wannan Y ɗin na nufin an yi ta don gudun da ya kai kilomita 300 a awa. H tana tsayawa a 210, V a 240, W a 270. Ina Alhaji zai taka 300? Amma ko bai taka ba yana biyan kuɗin gudun, domin irin waɗannan tayoyi robarsu mai laushi ce don ta kama titi, abin da ya kama titi kuwa da wuri yake cinyewa. Ita kuma 40 ɗin tana nufin tsayin gefen tayar kashi 40 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 98. Tawa ta tsohuwar Corolla, 195/65 R15, gefenta ya kai milimita 127. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin ka faɗa rami ka ce "subhanallahi" ka wuce, da ka faɗa ka sauko ka tarar rim ya lanƙwashe, gefen taya ya yi kumburi.

Sai kuma lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye bayan haruffan DOT. Na Alhaji 2317 ne: mako na 23 na shekarar 2017. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Zanenta da sauransa, amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin ranarmu kuwa ba ya raga mata. Tun da Michelin ta daina ƙera taya a Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, abin da jirgin ruwa ya sauke muke sawa, sabo ga mai hali, 'yar Beljiyam ga saura. Ta haka soson da aka yi don kunnen Bature ya iso hannun mai facin unguwarmu. Da za a tambaye ni, in kuɗin taya guda ne a hannu, gara sabuwa marar soso da tsohuwa mai shi. Shiru daɗi ne, ban ƙi ba. Amma shekarar taya da daidaiton iskarta su ne ke kai mutum gida.

Ogan ya gano ƙusar da ta huda tayar Alhaji. Ya ɗauko wuƙa ya yanke soson da ke wajen, kamar girman sabulun wanka, domin gam ba ya kama roba sai an kankare ta. Ya goge, ya shafa gam, ya hura da baki, ya manna faci ya daddanna.

"To yanzu ba ta lalace ba?" in ji Alhaji.

"In ka ji wani bambanci daga nan zuwa gida, dawo in mayar maka da kuɗinka."

Aka mayar da ita kan rim, aka ba ta iska. Ogan ya durƙusa ya kara kunnensa a jikinta, cikin duk wannan hayaniya, yana sauraron ko akwai wani ɗan tsiririn huci. Bai gamsu ba, ya ce a kawo ruwan sabulu. Yaron ya duba bai ga tsummansa ba. Sai ya sunkuya ya ɗauki guntun soson nan daga ƙasa, ya tsoma a bokiti, ya bi bakin rim da shi. Kumfa ba ta tashi ba.

"Oga," in ji shi, "wannan ya fi tsumman riƙe ruwa. Kar a yar."